Gwanintar Tace Murya Daga Hayaniyar Rediyo

A Gangara da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Jibiya, can bakin iyaka kan hanyar Maraɗi, rediyo bai tsufa ba. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda ta'asar 'yan bindiga, har da Jibiya, akwatin rediyo ne ya rage wa jama'a. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake isowa ta gajeren zango, Muryar Jamus kuwa ta buɗe nata sashen a 1963. Sai dai duk wanda ya saba kasa kunne a mita 19 ko 25 ya san wahalar abin: ga shuuu, ga fito mai huda kunne, ga gurnani daga ƙasa, mai labarai kuma yana can ciki kamar ya nutse.

Akwai masu gyaran rediyo da suka iya tsamo shi, kuma gwanintarsu tana burge ni matuƙa. Abin da suke haɗawa ƙaramar matatar sauti ce, wadda take aiki kamar rariyar tankaɗe: gari ya wuce, tsaki ya tsaya.

Sirrin yana cikin muryar ɗan Adam. Abin da kunne yake buƙata don ya gane magana yana tsakanin kaɗawa 300 zuwa 3,000 a daƙiƙa. Gurnanin wutar lantarki, a Najeriya da Nijar duka, yana kan 50 ne. Fiton nan kuwa galibi yana kan 5,000, domin tazarar da ake bari ke nan tsakanin tashoshin gajeren zango, sai maƙwabciya ta riƙa kutsowa. Ashe ke nan yawancin abin da ke damun mai sauraro yana wajen gonar murya, ana iya datse shi sama da ƙasa.

Kayan aikin ba su da tsada, sau da yawa ma daga mataccen rediyo ake ciro su. Gwani zai nemi wayar da ke kai sauti ga abin ƙara murya, ya yanke ta, ya tsarga kwandensa mai lamba 473, ya bi ta da rezisto 10k zuwa layin nagetif. Wannan zai danne duk abin da ke ƙasa da kusan 340. Sannan ya sake jera wani 10k a kan hanyar, ya sauke kwandensa 472 zuwa nagetif, sai abin da ya haura kusan 3,400 ya fara dusashewa. Ƙananan abubuwa huɗu da ɗigon dalma. In ana son yankan ya yi kaifi, sai a jera mataki biyu ko uku da taimakon ƙaramar aisi irin 741 ko TL072.

Amma lissafi kowa zai iya koya. Inda gwani ya bambanta shi ne kunne. In ya cika datse sama, sautukan s da sh da ts za su ɓace, mai labarai ya koma kamar wanda ya cika baki da tuwo. In ya cika datse ƙasa, murya ta zama siririya marar daɗi. Shi ya sa za ka gan shi yana cire wannan kwandensa yana gwada waccan, kansa a karkace, har sai maganar ta fito tas. Kuma na ƙwarai ba ya yaudarar mai kaya. Zai ce masa, “Alhaji, wannan ƙarar ba daga iska take ba, cajar wayarka ce.” Inbatar sola da ƙwan LED mai arha da fulogin babur suna watsa hayaniyar da ke faɗawa tsakiyar murya, tartsatsin walƙiya da damina ma haka, matata ba ta iya raba su. Maganin na gida shi ne a nesanta eriya, ko a koma kan batir.

Wannan fasaha ta daɗe a hannun masu rediyon sha'awa na duniya, waɗanda ke hira da juna daga ƙasa zuwa ƙasa da lasisin hukuma.  Masu aika saƙon Morse a cikinsu kan matse matatar ta bar siririyar kafa kusa da 700 kawai, kuma a Amurka sun daɗe suna yin ta da tsofaffin naɗin waya masu 88 mH da kamfanonin tarho suka yar.

Yau yara sun karkata ga gyaran waya, inda aikin yawanci cire allo ne a sa sabo. Iyaye da masu shaguna a Jibiya da Katsina da Maraɗi, ku zaunar da almajiranku gaban tsofaffin masu gyaran rediyo tun suna da ƙarfin koyarwa.