Masu Karanta Faifan Garmaho

Za ka iya ajiye faifai biyu na Blue Train, kundin da John Coltrane ya ɗauka a watan Satumba na 1957, ka ga kwalinsu ɗaya, kiɗansu ɗaya, amma ɗaya na 'yan daloli ne, ɗayan kuwa sai an ƙirga dubbai. Akwai mutanen da za su ɗauki kowanne, su juya shi a hannu na ɗan lokaci, su gaya maka zamanin da aka buga shi, da masana'antar da ta buga shi, har da sunan wanda ya sassaƙa sautin. Wannan gwaninta tana burge ni ƙwarai, domin ido da haƙuri ne kaɗai jarinta.

Dalilin bambancin yana cikin yadda ake yin faifan. Da farko injiniya zai sassaƙa sautin a kan wani faifai mai laushi, daga shi a fitar da hatimin ƙarfe, da hatimin kuma a riƙa danna roba mai zafi. Hatimi yana cinyewa da yawan aiki. Idan kasuwa ta nemi ƙari bayan shekaru, sai a yi sabo, sau da yawa a hannun wani injiniya, wani lokaci ma daga kwafin tef maimakon na asali. Shi ya sa masu tara faifai suke neman bugun farko ruwa a jallo.

Kamfanin Blue Note, wanda Alfred Lion ya kafa a birnin New York a 1939, shi ne babbar makarantar wannan ilimi. Gwani yakan fara da takardar tsakiya, mai launin shuɗi da fari, ya nemi adireshin da aka rubuta da ƙananan haruffa. Idan ya ga 767 Lexington Ave, ya san tsohuwar takarda ce, ta kafin kamfanin ya tashi wajen 1957. Daga nan sai 47 West 63rd, sannan New York USA a farkon shekarun 1960, sannan sunan Liberty, kamfanin da ya sayi Blue Note, ya fara bayyana daga 1966. Zai kuma shafa takardar da ɗan yatsa, ya ji ko akwai wani zagayayyen tsagi mai zurfi da tsofaffin injuna suke bari.

Sabon shiga a nan yake tsayawa, a nan kuma ake cin kuɗinsa. Masana'anta ba ta zubar da takardun da suka rage. Takan ci gaba da manna su har su ƙare. Don haka faifan da aka buga a zamanin Liberty yana iya fitowa da tsohon adireshi, har ka tarar kowace fuska da tata takardar daban. Dillalin shanu a kara ba ya yarda da shekarun da mai sa ya faɗa sai ya buɗe baki ya ga haƙori. Haƙorin faifai shi ne ɗan filin nan mai santsi tsakanin ƙarshen waƙa da takarda.

Sai ka ga gwani ya riƙe faifan ta gefe, yatsunsa ba sa taɓa tsagin waƙa, ya karkatar da shi a ƙarƙashin fitila a hankali har haske ya kwanta a filin. Nan take rubutu ya fito. Ga lambar kundin, wadda a Blue Train ita ce BLP 1577. Ga haruffa uku, RVG, wato Rudy Van Gelder, likitan ido da ya mai da falon iyayensa a Hackensack ɗakin ɗaukar sauti kafin ya gina nasa a Englewood Cliffs a 1959. A faifan farko-farko da hannu ya zana su, daga baya ya koma hatimi. Sai kuma wata 'yar alama mai lanƙwasa da masu harkar suke kira kunne, shaidar masana'antar Plastylite ta jihar New Jersey, wadda ta yi wa Blue Note bugu har zuwa 1966. In takarda ta ce tsoho ne amma kunne bai fito ba, gwani zai mayar da faifan cikin kwali ya rage tayi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ba alama ɗaya suke kamawa su yanke hukunci ba. Sai adireshi da tsagi da hatimi da nauyin faifan da irin kwalin sun yi baki ɗaya. Inda suka saɓa, mai gaskiya a cikinsu yakan ce wa mai saye wannan bugun tsakanin zamani biyu ne, ko da hakan zai rage masa riba.

Wannan ilimi bai tsaya a Amurka ba. Zombie na Fela Kuti ya fito a Najeriya a ƙarƙashin tambarin Coconut, sannan kamfanin Creole ya buga shi a Ingila a 1977, kuma da irin wannan dubawa ake raba su. Kamfanoni da yawa sun mutu, takardun ofisoshinsu sun salwanta. Abin da ya rage na tarihin masu sassaƙa da masu danna inji yana jikin faifan, kuma waɗannan masu ido ne suke tono shi su rubuta don na baya.