Jinjina ga Gambo Sawaba da Matan NEPU

A lokacin da ake ganin siyasa harkar maza ce zalla a Arewa, wata matashiya 'yar Zariya mai suna Hajaratu ta yanki katin jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950. Ita ce duniya ta sani da Hajiya Gambo Sawaba.

Aikin da ita da matan jam'iyyar suka yi ba a kan dandamali kaɗai ya tsaya ba. Gida-gida suke bi, suna shiga wurin matan kulle inda namiji ba ya isa, suna yi musu bayanin illar auren wuri, da amfanin sa 'ya'ya mata makaranta, da haƙƙinsu na jefa ƙuri'a. Ta je har Abeokuta ta gana da 'yar gwagwarmayar haƙƙin mata Funmilayo Ransome-Kuti. An kori Gambo daga Kano, an ɗaure ta sau 16, amma duk fitowa sai ta koma fagen.

Sai a 1976 matan Arewa suka samu 'yancin zaɓe. Gambo Sawaba ta rasu a 2001, kuma yau babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta yake ɗauke da shi.