Gwanayen Bin Sawun Mai Neman Gida

Mutum ya buɗe shafin wani kamfanin gidaje a intanet, ya leƙa gida mai ɗaki uku a Lokogoma ko Gwarinpa, ya rufe waya ya shiga sabgarsa. Washegari yana duba Facebook sai ga hoton gidan nan, da farashinsa. Da yawa sukan rantse cewa wayarsu ce ke sauraren hirarsu. Alhali wani ma'aikaci ne ya zauna ya dasa 'yan layukan umarnin kwamfuta a cikin shafin, kuma idan ya san hannunsa, aikin nasa abin a tsaya a kalla ne.

Gida ba katin waya ba ne da za a saya a tsaye. Mai saye zai duba yau, ya yi shawara da uwargida, ya tuntuɓi yayansa, ya nemi lauya ya bincika takardar mallaka, ya jira kuɗi su haɗu. Watanni ke nan. Mafi yawan masu shiga shafin kuwa ko lambar waya ba sa bari. Tsohon dillali ya san maganin wannan: yana riƙe fuskar wanda ya daɗe a tsakar gida yana ƙwanƙwasa bango yana tambayar ko akwai rijiya, bayan mako biyu kuma ya neme shi. A intanet babu fuska, sai sawu, kuma sawun ma sai an yi tanadin kama shi tun kafin baƙo ya iso.

Tushen abin shi ne kuki, ɗan guntun bayanin da shafi ke ajiyewa a manhajar da mutum ke shiga intanet da ita, don ya gane shi in ya dawo. Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994. Google ya buɗe wa masu talla hanyar sake bin baƙin shafinsu a 2010, Facebook kuma ya fito da fiksel ɗinsa a 2015, wato 'yan layukan umarnin nan da ake dasawa a shafi, wanda yanzu ake kira Meta Pixel. Ƙwararru ba kasafai suke liƙa waɗannan kai tsaye ba. Sukan dasa Google Tag Manager sau ɗaya, daga cikinsa su riƙa ƙarawa da ragewa ba tare da sun sake taɓa ginin shafin ba. Wannan duk aikin rabin awa ne, yaron shago ma zai iya.

Inda ake gane gwani shi ne wurin yanke abin da ya cancanci a ƙirga. Wanda ya faɗo shafin farko ya fice cikin daƙiƙa biyar, da wanda ya bi hotunan gida ɗaya bayan ɗaya har banɗaki, ya buɗe taswira, ya karanta tsarin biya kashi-kashi, ba ɗaya ba ne, amma fiksel da aka bari yadda ya zo kusan ɗaya yake ganinsu. Gwani yakan sa kowane shafin gida ya aika alamar da Meta, kamfanin da ke da Facebook, ke kira ViewContent, haɗe da lambar gidan, da unguwarsa, da kuɗinsa, da ko na haya ne ko na sayarwa. Fom ɗin neman bayani kuma yana da tasa alamar, Lead. A nan ma akwai ɗan tarko: ɗan koyo yakan ɗaura alamar a kan danna maɓallin aikawa, sai a riƙa ƙirga har waɗanda fom ɗinsu bai tafi ba. Gwani sai ya ga saƙon ya isa tukuna.

Abin da ya fi burge ni shi ne maɓallin WhatsApp. Mutanenmu ba sa son cika fom, mai niyyar gaske koren maɓallin nan yake dannawa, ko lambar waya, ya ce "Salamu alaikum, gidan nan yana nan?" Da ya danna ya bar shafin, kuma idan ba a ɗana wa dannawar nan tata alama ba, mutumin da ya fi kowa kusa da saye shi ne zai ɓace daga lissafi. Wanda ya kwafo tsarinsa daga darasin da aka yi wa kasuwar Amurka sau da yawa yakan tsallake wannan.

Sai gwaji. Gwani zai buɗe shafin da manhajar gwajin fiksel ta Meta Pixel Helper, ya yi kamar baƙo, ya danna nan ya danna can, yana kallon ko kowace alama ta tashi sau ɗaya, ba sau biyu ba. Zai ware ma'aikatan ofis, waɗanda ke buɗe shafin kullum, da masu leƙa shafin neman aiki, don kada kamfani ya kashe kuɗi yana tallata wa sakatarensa gida.

Daga nan ake kasa baƙin rukuni-rukuni, a yanke wa kowane rukuni wa'adi. Meta yana barin a riƙe baƙon shafi har kwana 180, Google kuwa har 540. Ɗan koyo yakan zaɓi mafi tsawo, wai kada a yi asara. Amma mai neman haya cikin 'yan makonni yake samu ya tare, bin sa bayan wata biyu ɓarnar kuɗi ce. Mai neman fuloti shi ne ake yi wa dogon haƙuri. Ba a kuma yanka rukunin ƙanana fiye da kima, domin Google ba ya fara nuna tallan hoto sai jerin ya kai mutum 100 da suka shigo cikin kwana 30. Idan kamfani ya haɗa kundin gidajensa da Meta, tallan da kansa zai zaɓo wa kowa gidan da ya duba, da sharaɗin lambar gida a kundin ta yi daidai da wadda fiksel ya aika, harafi da harafi. Gidan da aka sayar a cire shi ran nan. Wanda ya riga ya ba da kafin alƙalami shi ma a cire shi, don ba abin da ke ɓata ran mai saye kamar ya ga ana tallata masa gidan da ya biya, balle a ce da rangwame.

Apple ya dagula wannan sana'a. Tun 2017 manhajarsa ta Safari ta fara taƙaita kuki, a 2020 ta toshe na kamfanonin waje gaba ɗaya, a watan Afrilun 2021 kuma iPhone ya fara tambayar mai shi ko ya yarda manhajoji su bi sawunsa. Ga mai sayar da gida a Maitama wannan ba ƙaramin rashi ba ne, tunda ba sai an faɗa ba irin wayar da ke hannun masu sayen can. Mafitar ita ce bayanin ya riƙa tafiya daga sabar kamfani kai tsaye zuwa Meta, ta hanyar da suke kira Conversions API. Aiki ne mai son natsuwa. Tunda alama ɗaya za ta zo ta hanya biyu, dole a ba ta lambar shaida guda don kada a ƙirga ta sau biyu. Lambar waya kuma ana rikiɗa ta da wata dabarar ɓoye bayani mai suna SHA-256 kafin a aika, amma sai an gyara ta tukuna: a cire sifirin farko, a sa 234. Wanda ya aika 0803 yadda take zai yi ta mamakin abin da ya sa ba a gane mutanensa.

Akwai kuma doka, kuma tallan gida ya fi na takalmi hatsari. A 2016 jaridar ProPublica ta nuna cewa ana iya sayen tallan gida a Facebook a ɓoye shi ga wasu jinsunan mutane, abin da dokar gidaje ta Amurka ta 1968 ta haramta. A watan Maris na 2019 ma'aikatar gidaje ta ƙasar ta tuhumi kamfanin. Tun daga shekarar, mai tallan gida a can ba ya iya zaɓen masu gani ta shekaru ko ta mace da namiji, kuma da'irar da zai zana a taswira ba ta gaza mil 15. Turai na da dokarta ta kare bayanai tun 2018, Najeriya ta sami tata a 2023. Kamfanin da ke farautar 'yan ƙasa mazauna Turai dole fiksel ɗinsa ya yi shiru har sai baƙo ya danna cewa ya amince, kuma gwani yakan gwada ya ƙi amincewa da kansa, ya ga ko da gaske ya yi shirun.

Wannan irin talla yana da halin cin yabon da ba nasa ba. Wanda ya duba gida sau shida mai yiwuwa da zai kira ko ba a bi shi ba, amma rahoto zai rubuta cewa talla ne ya kawo shi, mai kamfani kuma ya yi murna. Ma'aikacin kirki yakan ware wani kaso na jerin ya hana su ganin tallan kwata-kwata, bayan wani lokaci ya kwatanta yawan waɗanda suka kira a ɓangarorin biyu. Bambancin da ya fito shi yake kai wa maigidansa, ko da bai kai rabin abin da rahoton ya nuna ba.