Soja a Littafi, Soja a Makara

Duk mai bibiyar littattafan da ake saki a Wattpad da zaurukan WhatsApp ya san wannan jarumi. Kyaftin ne ko Manjo, dogo, miskili, motocinsa sun fi na attajirin Kantin Kwari. Kaki a wajen marubutanmu ya zama kayan ado, kamar shaddar angwanci. Idan an tura shi daji, gaban mai karatu ba ya faɗuwa, domin ya san ko an sanar da mutuwarsa, bayan babi biyar zai dawo. Sai a ce ai wani tsoho ne ya tsince shi a bakin rafi ya yi jinyarsa.

Ba soyayyar nake zargi ba. Abin da ke damuna shi ne wannan dawowa, domin da ita marubuci ke tsallake wajen da labarin gaskiya ke farawa.

A ranar 14 ga Maris 2024 aka kashe sojoji 17 a Okuama, jihar Delta. Ranar 27 ga watan aka binne su a Maƙabartar Sojoji ta Ƙasa da ke Abuja. A wurin jana'izar, Shugaban Rundunar Sojin Ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya ce sun bar mata 10, uku a cikinsu da juna biyu, da marayu 21. Shugaba Tinubu ya yi alƙawarin gida ga kowane iyali, da karatun yaran har jami'a, da biyan haƙƙoƙinsu cikin kwana 90. Kowace cikin matan nan littafi ce guda, amma ina marubucin?

Wurare uku na ga alƙalaminmu na kauce wa. Na farko jana'izar kanta. Bahaushe ya saba a rasu da safe a kai makwanci kafin la'asar, a yi zaman makoki a ƙofar gida. Soja kuwa gawarsa ta hukuma ce kafin ta zama ta dangi: akwai tuta, akwai fareti, akwai jira. Wani a Abuja za a binne shi, wani a maƙabartar barikin Maimalari a Maiduguri, nesa da kushewar kakanninsa. Yaya uwa a Ɓatagarawa ko Azare ke karɓar gaisuwa kwana da kwanaki alhali ba a rufe ɗanta ba?

Na biyu takaba. Wata huɗu da kwana goma ne, kuma a ɗakin miji ake son a yi ta. To idan ɗakin na bariki ne, mallakar rundunar da ke da wani soja mai jiran masauki fa?

Na uku shi ne wanda aikina na rubuta manhajar kwamfuta ya sa na fi lura da shi. Takardar ɗaukar aiki tana da gurbin da ake rubuta sunan magaji, kuma ma'ajiyar bayanai abin da aka shigar mata kaɗai ta sani. Saurayi ya shiga soja ya rubuta sunan wansa, ya yi aure ya haihu bai sauya ba. Ranar da ya faɗi, takarda ta san mutum ɗaya, shari'ar gado kuwa ta san mata da tumuninta, uwa da sudusinta, 'ya'ya da rabonsu. Tsakanin gurbin nan da rabon gado akwai rikicin da ya fi duk wani makircin kishiya da muke maimaitawa.

Za a ce masu karatu nishaɗi suke nema, ba kuka ba. Amma tun 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta nuna a Alhaki Kuykuyo Ne cewa labarin matar da aka kora da 'ya'yanta, tana fafutukar abin sa wa a baki, yana riƙe mai karatu har shafin ƙarshe. Ƙwarewar rubuta zawarci da maraici da rigimar dangi muna da ita. Ƙofar bariki ce kawai muka ƙi shiga da ita.

Akwai kuma batun muƙami. Sunan Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda aka kashe a Malam Fatori a Nuwamba 2016, ya zagaye ƙasa, kuma ya cancanta. Sojojin da suka faɗi tare da shi fa, mutum nawa ke iya kawo sunayensu? Littattafanmu ma haka suke: jarumi hafsa ne kullum, kurtu kuwa sai buɗe ƙofar mota. Jarida na iya tsayawa kan manya, adabi ba shi da wannan uzuri.

Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya, washegari kowa ya kama gabansa. Littafi ne ke iya zama da matar kofur a rana ta 91, tana riƙe da fayil a bakin ofis, goyo a baya. Marubucin da ya bar sojansa ya mutu da gaske, ya bi iyalinsa bayan an watse, shi ne zai ba mu littafin soja na farko da ya amsa sunansa.