4.3 Matsayin Waƙa da Shiga da Ƙa'ida a Wasannin Tashe na Ƙasar Gumel

A sashen da ya gabata an kawo ire-iren wasannin tashe da yara ke yi daga goma ga watan azumi a masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. A nan kuma za a duba abubuwa uku da kowane wasa ya doru a kansu, wato waƙa da kiɗa, da shiga, da kuma ƙa'ida, domin a ga yadda suke haɗuwa su fitar da kamannin wanda ake kwaikwayo.

Idan aka ɗauki wasan Tsoho da Gemu, za a ga cewa shiga ce take fara magana. Yaro zai manna auduga a haɓarsa, ya sa tsumma, ya dogara sanda yana tafiya a ranƙwafe. Tun bai buɗe baki ba, mutanen gida sun san tsoho ne ya shigo. A wasan Jatau Mai Magani kuwa, nauyin yana kan waƙa ne, domin jagora yana jero magunguna da cututtuka, 'yan amshi suna karɓa, gwangwani yana riƙe da kari. Da za a cire amshin, da mai maganin ya rasa masu gaskata shi. Shi kuma wasan Mairama da Daudu na 'yan mata, ƙa'ida ce ƙashin bayansa, don mace ce take shigar namiji, kuma kowa ya yarda da haka muddin ana cikin wasan.

Ƙa'idojin tashe ba a rubuce suke ba, amma sanannu ne. Da dare ake yi bayan an sha ruwa, maza daban mata daban, a yi sallama, a yi wasa, sannan a karɓi hatsi ko kuɗi. Wannan jeri shi ne ya raba tashe da bara, saboda sai an nuna fasaha kafin a miƙa hannu.

Ana iya kwatanta wannan da wasannin kwamfuta na kwaikwayon jarumi, inda ake ɗora ƙarin zango a kan tsohon wasa. Misali, a shekarar 2016 kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Polan ya fitar da Blood and Wine a matsayin ƙari ga The Witcher 3 na 2015. Jarumin bai canja ba, haka ma tushen dokokin faɗa, amma an kai shi sabuwar ƙasa mai hasken rana da gonakin inabi, aka tsara mata kiɗanta, aka kuma ƙara hanyoyin bunƙasa ƙarfinsa. Haka yara ke yi idan suka ƙirƙiri sabon tashe a kan ɗan siyasa ko ɗan kasuwa: tsohon tsarin amshi da zagayen gidaje yana nan, shiga da kalmomi ne sababbi.

Rauni yana bayyana ne idan ɗaya daga cikin ukun ya faɗi. Ƙungiyar da ta fito ba shiga, sai dukan gwangwani da neman kuɗi, ta bar kwaikwayo ta koma roƙo. Inda kuma aka karya ƙa'ida, wasan kansa ne ke shiga haɗari, kamar yadda ya faru a Kano a shekarar 2025, lokacin da rundunar 'yan sanda ta hana tashe saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi.

A taƙaice, ba yawan sababbin wasanni ne zai raya tashe a ƙasar Gumel ba, sai dai dacewar waƙa da shiga da ƙa'ida a cikin kowane wasa. Sashe na gaba zai duba jigogin waɗannan waƙoƙi.