Afirka Marar Baki: Nazarin Harshe a Fim ɗin Bomba, the Jungle Boy

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi matsayin harshe a fim ɗin Bomba, the Jungle Boy, wanda kamfanin Monogram na Amurka ya fitar a 1949, bisa umarnin Ford Beebe. Shi ne na farko cikin jerin finafinai 12 masu arha da aka shirya zuwa 1955. Tauraronsu shi ne Johnny Sheffield, wanda a da yake fitowa a matsayin ɗan Tarzan.

2.0 Muhalli

Labarin na wani Bature ne mai ɗaukar hoton namun daji da 'yarsa, wadda ta ɓace a dawa, sai Bomba, yaro farar fata da ya tashi cikin dabbobi, ya cece ta. Abin lura shi ne, littattafan da aka ciro labarin daga cikinsu, waɗanda suka fara fitowa a 1926, a dazukan Kudancin Amurka suka fara ajiye Bomba. Daga baya littattafan suka mayar da shi Afirka, masu fim ma a can suka dire shi. Wato a wurinsu daji duk daji ne, mazaunansa kuwa ado ne kawai. Saboda tsimin kuɗi, a Kalifoniya aka yi wasan, aka cike giɓi da tsofaffin hotunan fim ɗin Africa Speaks! na 1930.

3.0 Harshe

Ma'anar sunan wancan tsohon fim ita ce Afirka tana magana, amma a nan an ƙwace mata baki. Duk zancen da ke tafiyar da labari da Ingilishi ake yin sa, kuma Turawa ke yi. Gurguwar Ingilishin Bomba alama ce ta tsarkin zuciya, domin a ƙaunace shi. Eli kuwa, ɗan Afirka mai yi wa baƙi jagora, wanda Smoki Whitfield ya fito a madadinsa, maganarsa ba ta wuce ta hidima ba. Sauran 'yan ƙasa taro ne kurum, mai kallo bai san tunaninsu ba.

4.0 Kammalawa

Ba a hana fim ɗin yabo wajen saurin labari da hotunan farin ɗango. Sai dai nahiya mai harsuna kusan 2,000 ta fito a cikinsa bebiya. Ya kamata manazarta harshe su riƙa yi wa kowane fim wannan tambaya: wa aka bai wa magana, kuma wa aka fassara?