Koto mai nauyi na kama kifi, amma kada ya kashe sanin kogi

A kogunan sanyi na Turai da Amurka, inda kifin turawut yake rayuwa, wasu masu fatsa sun daɗe ba sa sa tsutsa a ƙugiya. Gashin tsuntsu da zare suke ɗaurawa, su fitar da siffar ƙwaro, kifi ya ɗauka abinci ne. Yawancin abin da turawut yake ci a ƙarƙashin ruwa yake, wato 'ya'yan ƙwari da ke maƙale a duwatsu tun fiffike bai fito musu ba. Dole ke nan koto ya nutse ya same shi.

Frank Sawyer, mai kula da kogin Abon a kudancin Ingila, ya magance wannan da siririyar wayar jan ƙarfe da gashin jelar tsuntsun fezan, ya kuma bayyana dabarar a littafinsa na 1958. Kotonsa yana da nauyi, amma siffarsa ta ƙwaron kogin ce sak, domin sai da ya shafe shekaru yana nazarin halittun ruwa kafin ya ɗaura shi.

Yau yayi ya canza. Akwatunan masunta sun cika da kotuna masu ƙwallon ƙarfen tangistin a ka, ƙarfen da ya ninka tagulla nauyi fiye da sau biyu. Akwai Copper John na John Barr daga Kolorado, akwai Perdigon na 'yan gasar Sifaniya, mai sulɓin jiki da ke faɗawa ƙasa nan take. Da yawansu ba su yi kama da wani takamaiman ƙwaro ba. Ƙyalli da launi mai ɗaukar ido ne ke tsokano kifi ya kai cafka.

Ba na cikin masu cewa wannan ba su ba ne. A 1938 an yi zazzafar muhawara a ƙungiyar masu fatsa ta Landan, aka yi wa wani mai fatsa, G.E.M. Skues, ca saboda yana kama kifi a ƙarƙashin ruwa, ga shi yau dabararsa ta zama ruwan dare. A ruwa mai ƙarfin gudu, koto marar nauyi wucewa yake yi ta saman kifi. Kuma tangistin ya rage amfani da dalma mai guba, wadda tuni aka hana a gandun Yalosuton na Amurka.

Damuwata ita ce abin da wannan sauƙi yake raba mutum da shi. Wanda koto ɗaya yake yi wa aiki rani da hunturu, me zai sa ya sunkuya ya juya dutse ya ga abin da ke ƙarƙashi? A haka ake samun masunci da ya iya cika raga amma bai san abincin kifinsa ba. Ran da ruwa ya ja baya ya yi garau, kifi ya saba da ƙyallin ya daina kulawa, sai dabara ta ƙare masa. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Asarar ma ta wuce ta mutum ɗaya. Waɗannan ƙwari su ke fara mutuwa idan guba ta shiga ruwa, tun kafin a ga kifi yana yawo a mace. A Birtaniya akwai masunta 'yan sa kai da ke ƙirga su a kai a kai, su sanar da hukuma idan adadi ya faɗi. Mutumin da bai taɓa lura da ƙwarin ba, ba zai san ranar da suka ɓace ba.

Saboda haka ina kira ga masu koyar da wannan sana'a da masu sayar da kayanta: ku ba sabon shiga koto mai nauyi ya ɗanɗani daɗin kamu, amma ku fara kai shi bakin ruwa ya juya dutse ya koyi sunayen abin da ya gani. Masuncin da ya san ƙwarin koginsa shi ne zai iya kare shi.